Yadda A Ke Taimakon Ɗalibai Da Kuɗin Karatu A Jami'o'in Kirista Na Amurka

A ƙasar Amurka karatun jami'a yana da tsada ƙwarai. Jami'o'insu iri biyu ne. Akwai na Gwamnatin jiha, akwai kuma waɗanda ba na Gwamnati ba. Cikin na biyun nan akwai ɗaruruwa waɗanda coci-coci suka kafa. Su ne a ke kira jami'o'in Kirista. Waɗansu ana ce musu kwaleji, amma duka suna ba da digiri na farko, watau na shekara 4 bayan sakandare.

A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, in aka yi matsakaicin lissafi, kuɗin makaranta a jami'ar da ba ta Gwamnati ba ya zarce dala 40,000 a shekara guda. Ban da abinci, da wurin kwana, da littattafai. Wanda ya ji wannan zai ce ai sai ɗan attajiri. Amma kuwa akwai 'ya'yan manoma, da na direbobi, da na leburori a cikinsu. To, ta yaya su ke biya? Abin da za mu bayyana ke nan.

Akwai abu guda da mu ke so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Abin da Amurkawa su ke kira taimakon karatu iri uku ne. Akwai kyauta, akwai ladan aiki, akwai bashi. Duka ukun a takarda ɗaya a ke rubuta su, da suna ɗaya. Wanda bai rarrabe su ba, sai ya ci bashi yana tsammani kyauta aka yi masa.

KUƊIN DA A KE RUBUTAWA DA KUƊIN DA A KE BIYA

Kowa ya san ciniki a kasuwa. Da kuɗin da mai kaya ya yanka, da kuɗin da ya sallama, ba ɗaya ba ne. Haka abin ya ke a jami'o'in nan. Kuɗin da aka rubuta a littafin makaranta, ɗalibai kaɗan ne su ke biyansa duka. A shekarun nan, in aka haɗa jami'o'in da ba na Gwamnati ba, fiye da rabin kuɗin makarantar sababbin ɗalibai a kan yafe. Sai dai a nan ba a yin tayi. Makaranta ce ta ke duba ƙarfin iyaye da ƙoƙarin yaro, sa'an nan ta yanka wa kowa nasa.

Da farko makaranta ta kan lissafa abin da shekara guda za ta ci. Ta kan sa kuɗin makaranta, da na ɗaki, da na abinci, da na littattafai, da na mota zuwa gida, da ɗan abin kashewa. Jimlar nan ita ce tushen lissafi duka.

TAKARDAR NEMAN TAIMAKO

Ɗalibin da ke son taimako tilas ya cika wata takarda ta Gwamnatin Tarayya. Sunanta FAFSA. Ba a biyan ko kwabo don cika ta. Yanzu ta intanet yawancin mutane su ke cikawa. An saba buɗe ta ran 1 ga Oktoba, kusan shekara guda kafin a fara karatu.

A cikin takardar nan a kan tambayi abin da iyaye su ke samu a shekara, da abin da suka ajiye a banki, da yawan mutanen gida. Ba maganar baki a ke bi ba. A kan duba takardun haraji na shekara biyu da suka wuce. Misali, mai shiga jami'a a 2025, abin da iyayensa suka samu a 2023 a ke dubawa.

In an gama, sai a fitar wa ɗalibi da lamba guda wadda ke nuna ƙarfin gidansu. In gidan masu hali ne, lambar ta kan yi girma. In na talakawa ne, ta kan yi ƙasa, har ta kai sifiri, ko ta gaza sifiri. Makaranta ta kan ɗebe lambar nan daga jimlar kuɗin shekara. Abin da ya rage shi a ke kira bukatar ɗalibi. Amma a lura. Ba kowace makaranta ce ke iya cika bukatar nan duka ba. Da yawa su kan bar giɓi, su ce iyaye su san yadda za su yi.

Kowace shekara a kan sake cika takardar. Wanda ya yi jinkiri ya kan tarar waɗansu kuɗi sun ƙare. Da sanyin safiya a kan kama fara.

IRI NA FARKO: KYAUTA

Kyauta ita ce kuɗin da ba a biya. Ta kan fito daga wurare huɗu.

Na ɗaya, Gwamnatin Tarayya. Babbar kyautarta ita ce wadda a ke kira Pell. An kafa ta a 1972. A 1980 aka sa mata sunan Claiborne Pell, ɗan Majalisar Dattawa wanda ya tsaya a kan maganar. Ta 'ya'yan marasa ƙarfi ce. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 mafi yawan abin da a ke ba mutum ɗaya dala 7,395 ne. Ba a ba ɗalibi fiye da na shekara 6.

Na biyu, Gwamnatin jiha. Jihohi da yawa su kan taimaki 'ya'yansu in sun yi karatu a cikin jihar. Kowace jiha da nata tsarin.

Na uku, ita jami'ar kanta. A jami'o'in Kirista yawanci wannan ita ce kyauta mafi girma. Wata don ƙoƙari a ke yin ta. Yaron da ya ci jarrabawa da kyau, ko ya iya kiɗa da waƙa, ko ya gwanance a wasa, a kan rage masa kuɗi ko da iyayensa masu hali ne. Wata kuwa don rashin ƙarfi a ke yin ta.

Na huɗu, coci. A nan ne jami'o'in Kirista suka bambanta da sauran. Da yawansu su kan rage wa 'ya'yan fastoci da na 'yan Mishan kuɗi, don an san albashin iyayen bai taka kara ya karya ba. Waɗansu su kan rage wa 'yan ɗarikar da ta kafa makarantar. Akwai kuma wata dabara. In cocin su ɗalibi ya tara masa kuɗi daga baiko, sai jami'a ta ƙara daidai abin da cocin ya bayar, har zuwa wata iyaka. Da haka a ke zuga jama'a su taimaki yaronsu.

Ga misali babba. Jami'ar Brigham Young da ke jihar Yuta ta cocin nan ce da aka fi sani da Mormon. 'Yan cocin su kan ba da ushiri, watau kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu. Daga ciki a ke riƙe jami'ar. Saboda haka ɗan cocin ya kan biya rabin abin da wanda ba ɗan cocin ba ya ke biya. Dalilinsu shi ne, iyayensa sun riga sun biya wani kashi ta hanyar ushiri.

INA JAMI'A TA KE SAMUN KUƊIN KYAUTA?

Wani kashi daga 'ya'yan masu hali ya ke fitowa, waɗanda ke biyan kuɗi da yawa. Wani kashi daga tsofaffin ɗalibai da masu alheri, waɗanda ke aiko da gudummawa kowace shekara. Wani kuma daga asusun ajiya, irin abin da mu ke kira wakafi.

Ga yadda asusun nan ya ke. Mai arziki ya kan ba jami'a kuɗi, ko ya bar wasiyya. Jami'a ba ta kashe uwar kuɗin. Ta kan juya su, ta riƙa cin kaɗan daga ribar, kamar kashi 4 ko 5 cikin 100 a shekara. Kamar mai saniya ne. In ya yanka ta, nama na kwana uku ya samu. In ya kiwata ta, zai daɗe yana shan nono.

Al'adar nan tsohuwa ce. Kwalejin Harvard, wadda aka kafa a 1636 don koyar da malaman coci da sauransu, ta sami irin wannan kyauta a 1643. Wata mace ce ta birnin Landan, Ann Radcliffe, ta ba da fam 100 don a riƙa taimakon ɗalibi matalauci.

Daga nan za mu gane abin da ya sa wata jami'a ta fi wata kyauta. Mai babban asusu ta kan cika bukatar ɗalibi. Ƙaramar makarantar coci wadda ba ta da ajiya, ko tana so, ba ta da abin bayarwa.

YAYA KUƊIN GWAMNATI KE SHIGA MAKARANTAR COCI?

Tsarin mulkin Amurka ya hana Gwamnati ta ɗauki wani addini ta mai da shi na ƙasa. To, yaya kuɗinta ke shiga jami'ar Kirista? Amsar ita ce, ɗalibi a ke ba kuɗin, shi kuma ya zaɓi inda zai kai su.

An kai maganar nan gaban Kotun Ƙoli. A jihar Washintan wani ɗalibi mai ciwon ido ya nemi taimakon da jiha ke yi wa makafi, don ya yi karatu a kwalejin Kirista. Aka hana shi. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulkin ƙasa bai hana a ba shi ba, tun da shi ne ya zaɓi makarantar. A 2004 kuma wata ƙara ta sake fitowa daga jihar. A nan kotun ta ce jiha tana da iko ta ƙi ba da kyautarta ga mai karatun zama fasto. Watau mai koyon lissafi ko aikin jiyya a jami'ar Kirista ba shi da damuwa, amma mai karatun addini zalla sai ya duba dokar jiharsa.

Kuɗin Gwamnati kuwa da sharuɗɗa su ke zuwa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Akwai makarantu kaɗan da suka ƙi kuɗin don gudun sharuɗɗan. Ɗaya ita ce Kwalejin Grove City a jihar Fensilbaniya. A 1984 Kotun Ƙoli ta ce in ɗalibanta suna karɓar kyautar Gwamnati, to, dokokin Gwamnati sun shafe ta. Sai ta daina karɓar kyautar. A 1996 ta fita daga tsarin bashin Gwamnati ma. Wanda ya shiga irin wannan makaranta ba zai sami Pell ba.

IRI NA BIYU: LADAN AIKI

A 1964 Gwamnatin Amurka ta kafa tsarin ba ɗalibai aiki suna karatu. Ɗalibi ya kan yi 'yan awoyi a mako a ɗakin littattafai, ko ɗakin girki, ko ofis. Gwamnati ta biya wani kashi na ladan, makaranta ta biya saura. In aka rubuta wa ɗalibi dala 2,500 na aiki, ba a hannu za a danƙa masa ba. Sai ya nemi aikin, ya yi, sa'an nan a biya shi kaɗan kaɗan. In bai yi ba, ba shi da kome.

Akwai makarantun Kirista da suka ɗauki aikin nan suka mai da shi ginshiƙi. Wadda ta fi suna ita ce Kwalejin Berea a jihar Kentaki. Wani fasto mai ƙin bauta, John G. Fee, ya kafa ta a 1855, a lokacin da a ke riƙe da bayi a jihar. Ya ce 'yan Adam duka asalinsu ɗaya, saboda haka baƙi da farare, maza da mata, za su yi karatu tare. A 1859 aka kore shi daga jihar da shi da mutanensa. Bayan yaƙin basasa suka komo. A 1904 jiha ta yi doka ta hana haɗa baƙi da farare a makaranta ɗaya, sai a 1950 aka sassauta, baƙi suka dawo.

Tun 1892 Berea ba ta karɓar kuɗin makaranta daga ɗalibi. Ɗalibanta kamar 1,500 ne, yawancinsu daga Kentaki da yankin duwatsun Afalaciya, inda talauci ya daɗe. Ba ta ɗaukar ɗan mai hali. Sai an ga gidan su yaro ba su da ƙarfi, shi kuma yana da ƙoƙari. Kowane ɗalibi tilas ya yi aiki aƙalla awa 10 a mako. Waɗansu a gona, waɗansu a masaƙa, waɗansu suna ɗaura tsintsiya ko sassaƙa, waɗansu a otal ɗin makarantar, waɗansu a ofis. Ana biyansu ɗan lada, ana kuma rubuta musu shaidar aiki kamar yadda a ke rubuta ta karatu.

Kada mai karatu ya zaci aikin awa 10 ne ke biyan malamai. Bai isa ba. Asusun ajiyar Berea ya zarce dala biliyan 1, daga ribarsa a ke biyan mafi yawan kuɗin. A kan haɗa da gudummawar masu alheri, da kyautar Pell da ɗaliban suka zo da ita. Kuɗin ɗaki da abinci kuwa, kowane gida ya kan biya gwargwadon ƙarfinsa. Masu nema sun fi gurbi yawa nesa ba kusa ba.

Wata kuma ita ce Kwalejin Ozarks a jihar Misuri, wadda aka kafa a 1906. A can ɗalibi ya kan yi awa 15 a mako, da mako biyu cikakku na awa 40 a shekara. Ita ma ba ta karɓar kuɗin makaranta, ba ta kuma shiga tsarin bashin Gwamnati.

Irin waɗannan makarantu kaɗan ne. Yawancin ɗaliban jami'o'in Kirista sai sun haɗa da iri na uku.

IRI NA UKU: BASHI

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a babbar dokar ilmi mai zurfi, wadda ta buɗe ƙofar rance ga ɗalibai masu yawa. Yau Gwamnatin Tarayya da kanta ta ke ba da rancen.

Akwai iyaka. Ɗalibin da ke hannun iyayensa a kan ranta masa dala 5,500 a shekara ta farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a ta uku, 7,500 a ta huɗu. Rancen yana da ruwa. Wanda aka karɓa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, ruwansa kashi 6.39 ne cikin 100 a shekara.

Rancen nan kashi biyu ne. Ɗaya na marasa ƙarfi ne, Gwamnati ce ke biyan ruwansa muddin ɗalibi yana makaranta. Ɗayan kuwa ruwansa ya kan fara taruwa tun ran da aka ba da kuɗin. In ɗalibi ya bar makaranta, a kan ba shi wata 6, sa'an nan ya fara biya.

In rancen ɗalibi bai cika giɓi ba, iyaye su kan ci nasu, mai ruwan da ya fi yawa. Waɗansu su kan je banki. Banki kuwa ya kan nemi wanda zai tsaya wa ɗalibi. In yaro ya kasa biya, wanda ya tsaya masa za a kama.

Cin bashi da daɗi, ran biya da wuya. A 2024 fiye da mutum miliyan 40 a Amurka Gwamnati ta ke bi bashin karatu, jimlar kuɗin kuwa ta zarce dala tiriliyan 1 da rabi. Bashin nan yana da wuyar kuɓucewa. Ko mutum ya karye ya je kotu, ba safai a ke yafe shi ba. In ya yi kwana 270 bai biya ba, doka ta ba Gwamnati iko ta riƙa cire har kashi 15 cikin 100 daga albashinsa. Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne wanda ya bar makaranta a tsakiya. Ba shi da digiri, ga bashi a wuya.

MU YI LISSAFI

Bari mu ƙaddara misali don mu gane. Lambobin nan namu ne, na koyon lissafi. A ce ga wata yarinya, ubanta direba ne. Jami'o'in Kirista biyu sun ɗauke ta, kowace ta aiko mata da takardar taimako.

Ta farko ta ce kuɗin shekara dala 50,000 ne, amma ta ba ta taimakon 40,000. Ga yadda aka rarraba shi. Kyautar ƙoƙari 16,000. Kyautar rashin ƙarfi 9,000. Pell 6,000. Cocinsu 500, jami'a ta ƙara 500. Aiki 2,500. Rance 5,500.

In ta duba sama sama, za ta ce saura 10,000 kawai. Amma mu ware kyautar zalla. In muka haɗa 16,000, da 9,000, da 6,000, da 1,000, sun zama 32,000. Mu ɗebe 32,000 daga 50,000. Saura 18,000. Wannan shi ne ainihin kuɗin da zai fito daga gidansu kowace shekara, ko yanzu ko nan gaba. Za su biya 10,000 a hannu, za ta yi gumin 2,500, za ta ci bashin 5,500.

Ta biyu ta ce kuɗin shekara 38,000 ne, taimakonta kuwa 26,000. Cikinsa 24,000 kyauta ce, 2,000 aiki. Mu ɗebe 24,000 daga 38,000. Saura 14,000.

Kun gani? Wadda ta rubuta taimakon 40,000 ta fi wadda ta rubuta 26,000 tsada da dala 4,000 a shekara. Cikin shekara 4 bambancin ya kai 16,000.

Mu ƙara duba bashin. In yarinyar ta karɓi iyakar rance kowace shekara, za ta fita da 27,000 a kanta, ban da ruwan da ya taru tana makaranta. In za ta biya cikin shekara 10 da ruwa irin na 2025, kowane wata sai ta ba da kamar dala 300. Kafin ta gama ta biya fiye da 36,000. In aikin da za ta samu mai albashi ne sosai, za ta iya. In aikin coci ne ko koyarwa a ƙauye, nauyin zai danne ta.

SHARUƊƊAN RIƘE TAIMAKO

Samun taimako daban, riƙe shi daban. Ɗalibin da ke cin kuɗin Gwamnati tilas ya riƙa ci gaba a karatu. Yawancin makarantu su kan ce ya sami matsakaicin maki, ya kuma ci kashi biyu cikin uku na darussan da ya ɗauka. Kyautar ƙoƙari ta kan nemi maki fiye da haka. Wata kyautar ta shekara guda ce kawai. Kuɗin makaranta ya kan hau kowace shekara, kyauta kuwa sau da yawa ta kan tsaya inda ta ke.

Jami'ar Kirista tana da nata sharuɗɗa. Waɗansu su kan sa ɗalibi ya sa hannu a takardar alkawari, cewa ba zai sha giya ba, zai kuma kiyaye dokokin zama na makarantar. Waɗansu su kan tilasta zuwa sujada sau kaza a mako, da ɗaukar darasin Littafi Mai Tsarki. Waɗansu sai Kirista su ke ɗauka. Waɗansu kuwa, kamar Berea, su kan ɗauki mai kowane addini. Wanda aka kora don karya alkawari, kyautarsa ta tafi, bashinsa yana nan. Saboda haka a karanta dokokin tun kafin a shiga.

BAƘO DAGA WATA ƘASA

Duk abin da muka faɗa na Pell, da rancen Gwamnati, da aikin da Gwamnati ke biya, na 'yan ƙasa ne da waɗanda aka ba izinin zama na dindindin, da kaɗan irinsu. Ɗalibin da ya zo daga Afirka ko Asiya da takardar izinin karatu ba shi da rabo a ciki. Abin da zai sa rai a kai shi ne kyautar jami'a kanta, ko ta coci, ko ta ƙasarsu. Kafin a ba shi izinin shiga, sai ya nuna shaidar kuɗin da za su ishe shi shekarar farko. In ya shiga, doka ba ta yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu, aikin ma a cikin makaranta. Berea ta kan ɗauki baƙi kaɗan kowace shekara, su ma ba ta karɓar kuɗin makaranta daga gare su.

A yi hankali da 'yan damfara. Wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro kyautar karatu tabbas, a guje shi. Jami'a da kanta a ke rubuta wa, ofishin taimakon ɗalibai ne ke ba da amsa.

ABIN DA ZA A TAMBAYA

Yawancin jami'o'in nan su kan ba ɗalibi wa'adi zuwa ran 1 ga Mayu ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Kafin ranar, iyaye masu hankali su kan zauna da takardar su yi tambaya huɗu. Nawa ne kyauta zalla? Nawa ne bashi, nawa ne ruwansa? Kyautar ta shekara nawa ce, da wane sharaɗi? In an ɗebe kyauta, saura nawa, daga ina za su fito?

In halin gida ya sake, kamar uba ya rasa aiki ko ciwo ya cinye kuɗi, a kan rubuta wa ofishin taimakon ɗalibai. Doka ta ba su iko su sake lissafi. Ɗalibi kuma yana da iko ya karɓi kyauta ya ƙi rance, ko ya rage shi. Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYI

1. Faɗi iri uku na taimakon karatu. Wanne ne a ke biya daga baya?
2. Me ya sa jami'a ba ta kashe uwar kuɗin asusunta?
3. Awa nawa ɗalibin Berea ya ke aiki a mako, aƙalla?
4. Kuɗin shekara 45,000 ne. Kyauta 28,000, rance 5,500, aiki 2,000. Nawa ne ainihin kuɗin da zai fito daga gidan su ɗalibi?